Tuta Biyu, Wahala Ɗaya: Sojan Abokan Gaba a Wasannin Bidiyo

Wasannin bidiyo na yaƙi sun kasu gida biyu ta fuskar yadda suke nuna abokin gaba. A kashi na farko, wanda ya fi yawa kuma ya fi kasuwa, abokin gaba abin harbi ne kawai: ya leƙo daga bayan katanga, a ɗirka masa harsashi, maki ya ƙaru, wani ya maye gurbinsa. Ba shi da suna, ba shi da gari, ba wanda ke jiran dawowarsa. A kashi na biyu, masu tsara wasan sukan tsaya su nuna cewa mutumin da ke wancan ɓangaren soja ne kamar na wannan ɓangaren. An ɗauko shi daga gona ko daga makaranta, an ɗora masa kaya, an ba shi umarnin da ba a shawarce shi a kai ba, yana jin yunwa da sanyi da tsoro, kuma yana ɗauke da aƙidar da aka ce masa ta isa a mutu dominta. Wannan kashi na biyu ne ke ta da tambayar da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: idan wahalar sojoji biyu masu gaba da juna iri ɗaya ce, shin matsayinsu a ma'aunin gaskiya ma ɗaya ne?

Matasan birnin Katsina sun fi sanin kashi na farko. A shagunan gem na cikin unguwanni, inda ake biya a buga PlayStation janareta na ruri a bakin ƙofa, wasan ƙwallon ƙafa ne ke kan gaba, na dambe da na harbi su biyo baya. A wayoyin hannu kuwa PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, da Free Fire su ke cinye data da caji. Waɗannan ba su damu da ba da labari ba, amma tsarinsu na ɗauke da darasin da ba a faɗa da baki. Na'ura ce ke raba 'yan wasa runduna-runduna, bindigogin kowa iri ɗaya ne, kuma wanda aka harba a wannan zagaye yana iya zama abokin tafiya a zagaye na gaba.

Babu wasan da ya fito da wannan darasi a fili kamar America's Army, wanda rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyinsa ta fitar a 2002 don jawo matasa shiga aikin soja. Rundunar ba ta son a ga ɗan wasa yana harbin sojan Amurka, sai aka yi dabara: kowace ƙungiya tana ganin kanta cikin kakin Amurka, tana ganin ɗaya ƙungiyar cikin shigar abokan gaba. Mutum biyu na fafatawa a fili ɗaya, kowanne a allonsa shi ne mai kare ƙasa, ɗayan kuma mai kawo hari. An yi haka ne don kare martabar runduna, amma abin da aka gina ya zama hoton yadda yaƙi yake a zukatan masu yinsa. Da wuya a sami sojan da ya fita fagen fama yana ganin shi ne azzalumin.

Wasan da ya mayar da wannan batu ginshiƙinsa shi ne Valiant Hearts: The Great War, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2014, shekara 100 bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Emile manomi ne Bafaranshe, Karl kuwa Bajamushe ne da ke auren 'yarsa Marie, suna zaune gida ɗaya. Yaƙi na tashi aka kori Karl zuwa ƙasarsu aka sa masa kakin Jamus, shi ma Emile takardar kira ta iso masa. Surukai biyu suka wayi gari ƙarƙashin tutoci masu gaba da juna, alhali yaro ɗaya ne ɗa ga wannan, jika ga wancan. Yawancin aikin ɗan wasa a nan haƙa rami ne, da yanke waya mai ƙaya, da ɗaure rauni, da jawo wanda gini ya danne. A wani mataki Emile yana haƙa a ƙarƙashin ƙasa sai ya ci karo da wani sojan Jamus da rami ya rufta wa. Ya tono shi, su biyun suka taimaki juna har suka kuɓuta, ba mai jin yaren wani. Jim kaɗan aka umarci Emile ya tayar da nakiya a ramukan Jamusawa. Ya tayar, kuma mutumin nan yana cikin waɗanda suka mutu.

Ƙarshen Emile ya zo a 1917, lokacin farmakin Chemin des Dames, wanda a tarihi ma ya haddasa bore a cikin sojan Faransa saboda yawan rayukan da aka zubar ba tare da an ci wani abin kirki ba. Wani hafsa yana tura yaransa cikin ruwan harsashi da bakin bindiga, Emile ya maka masa shebur, hafsan ya mutu. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, kuma ɗan wasa ne da hannunsa ke tafiyar da tsohon zuwa inda za a harbe shi. Harsashin da ya yi ajalinsa na ƙasarsa ne.

Metal Gear Solid 3: Snake Eater, na Hideo Kojima ɗan ƙasar Japan, wanda ya fito a 2004, ya ɗauki batun ta fuskar aƙida kai tsaye. Labarin yana faruwa a 1964, ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wato tsakanin jari-hujja da gurguzu. An aika wani sojan Amurka mai laƙabin Snake ya kashe matar da ta horar da shi, wadda ake kira The Boss, domin an ce ta ci amanar ƙasa ta koma wajen Sobiyet. Ita kuwa tun farko ta nuna masa cewa soja ba ya zaɓen abokin gabansa, zamani da masu mulki ke zaɓa masa, kuma wanda aka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da shi jiya ana iya cewa a harbe shi gobe. Ta san abin da take faɗa. A yaƙin Hitila ta yi faɗa tare da wani sojan Sobiyet har ta haifa masa ɗa, daga baya gwamnatocinsu suka haɗa su gaba, ya tsaya ta kashe shi. Sai da Snake ya gama aikinsa sannan ya gano cewa ba ta taɓa cin amana ba. Umarni ta bi, kuma umarnin ya haɗa da ta mutu da sunan maciyiyar amana don ƙasarta ta wanke kanta.

Wurare biyu a wasan sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko wani kogi ne da Snake ke ratsawa a ƙafa yana tsakanin rai da mutuwa, inda fatalwar duk sojan da ɗan wasa ya kashe tun farkon wasan ke tahowa ta gifta shi, kowanne da alamar irin kisan da aka yi masa. Wanda ya bi a hankali ya kauce wa kisa zai ratsa kogin cikin ɗan lokaci, wanda ya yi ta zubar da jini kuwa zai daɗe yana kutsawa cikin mamatansa. Na biyu a ƙarshe yake, a wani fili mai fararen furanni, The Boss tana kwance, bindiga na hannun Snake, sai wasan ya dakata yana jiran ɗan wasa ya danna da yatsansa. Fim na iya nuna wa mai kallo soja yana aikata abin da zuciyarsa ta ƙi. A nan kuwa mai kallon ne aka miƙa wa kunamar bindigar, kuma ta nan wasa ya fi fim da littafi iya sa mutum ya ɗanɗana nauyin umarni.

The Last of Us Part II na 2020 ya ƙara wata dabara: bayan ɗan wasa ya kwashe rabin labari yana farautar wata soja mai suna Abby, sai a tilasta masa ya koma ya buga kwanakin nan a matsayinta, ya san mahaifinta da abokanta da dalilin gabarta. Ko ƙananan mayaƙan da ake kashewa a hanya an ba su sunaye, 'yan'uwansu na kiran sunan wanda ya faɗi cikin kuka.

Idan aka tattara abin da waɗannan wasanni ke nunawa, nauyin da sojojin ɓangarori biyu suka yi tarayya a kai ya wuce ciwon jiki. Akwai nauyin biyayya, domin soja yana aikata abin da wani ya yanke a ɗaki mai nisa da fagen fama. Akwai nauyin zuciya, wanda likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya bayyana a littafinsa na 1994 kan tsofaffin sojojin Biyetnam: mutum ya dawo gida da gaɓoɓinsa cikakku amma abin da ya gani, da abin da aka sa shi ya yi, da cin amanar shugabanninsa, sun hana shi barci. Sannan akwai sanin cewa ribar yaƙin ba ta zuwa hannunsa, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. A duk waɗannan, sojan da ke ramin gaba ya fi ministan ƙasarsu fahimtar halin da soja ke ciki.

Musulmi ba ya buƙatar wasan bidiyo kafin ya san wannan, domin Alƙur'ani ya riga ya faɗe shi a wuri mafi zafi, wato bayan Uhudu. A Suratu Ali Imrana, aya ta 140, an tunatar da muminai cewa raunin da ya same su irinsa ya sami mutanen da suke yaƙa, kuma kwanakin nasara da na rashi ana jujjuya su ne tsakanin mutane. A Suratun Nisa'i, aya ta 104, an sake tabbatar da cewa abokan gaba suna jin zafi kamar yadda muminai ke ji, sannan aka ambaci abu ɗaya da ya raba su, shi ne abin da muminai ke fata daga Allah wanda waɗancan ba su fata. Ayar ta haɗa abubuwa biyu da mutane suka saba rabawa. Ba ta mayar da abokin gaba dutse marar jin ciwo ba, ba ta kuma ce tun da ciwon ɗaya ne to manufar ma ɗaya ce ba.

Tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna yadda wannan ke aiki a aikace. Kafin a gwabza a Badar ya sanar da sahabbai cewa akwai waɗanda aka fito da su daga Makka bisa tilas, ya ambaci wasu ya hana a kashe su. Bayan yaƙin ya yi wasiyya a kyautata wa fursunoni, har Abu Aziz ɗan Umairu, wanda ya riƙe wa Ƙuraishawa tuta, ya ba da labarin yadda mutanen Madina da ke tsare da shi suke ba shi gurasa su kuma su ci dabino. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wani mayaƙi da ya furta kalmar shahada takobi na kansa, bisa zaton tsoro ne ya sa shi, Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, domin ba a ba kowa ikon tsaga zuciyar wani ya ga abin da ke ciki ba. Akwai kuma hadisin Nana A'isha game da rundunar da za ta nufi Ka'aba ƙasa ta haɗiye ta gaba ɗaya. Da ta yi tambaya game da waɗanda ke cikin ayarin alhali ba su da hannu a manufarsa, amsar ita ce halaka za ta game su a duniya, sannan a tashe kowa bisa niyyarsa. Runduna tana tafiya a matsayin abu ɗaya, hisabi kuwa mutum-mutum ake yinsa.

Ƙasar Katsina ta ga irin wannan gaba da idonta na kusan ƙarni guda. Da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin a wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, inda har yau sarki ke amsa sunan Sarkin Katsina. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 100 ba. Ɓangare ɗaya yana yaƙi da hujjar gyaran addini da kawar da zaluncin sarakuna, ɗayan da hujjar ƙwato gadon iyaye da ƙasar da aka raba shi da ita. A Gawakuke a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi, amma hare-hare ba su tsaya ba, kuma zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi ya girgiza ƙauyukan Katsina ƙwarai. Dakarun da ke gaba a rundunonin biyu Hausa ɗaya suke yi, da yawansu dangin juna ne. Bayan girbi ake fita da su, ƙishirwar rani ɗaya suke sha, kibiya mai dafi ba ta tambayar tuta, kuma wanda aka kama daga kowane ɓangare ya san kasuwar bayi na iya zama makomarsa. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Malaman wancan zamani ba su ɗauki tambayar halaccin yaƙi a matsayin abin da aka gama da shi ba. Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Borno ya rubuto wa shugabannin jihadi yana ƙalubalantar hujjarsu ta yaƙar mutanen Borno, yana cewa saɓo da bidi'a ba su fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya mayar da martani cewa Borno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Ɗanfodiyo, kuma a littafinsa Infaƙul Maisuri ya ajiye hujjar abokin jayayyarsa tare da tasa, abin da ya ba na baya damar auna duka biyun. Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa, wanda ya jagoranci mayaƙa tun Tabkin Kwatto a 1804, ransa ya ɓaci da ganin yadda wasu cikin rundunarsa suka karkata ga neman dukiya da mulki, har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Mutum ne da ya yarda da manufar yaƙin, ya kuma ƙi yarda cewa kyawun manufa yana wanke duk wanda ke ƙarƙashin tutarta.

Zamanin Turawa ya kawo misalin da ya fi kama da labarin The Boss. Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya fara aikin soja a rundunar Jamus ta Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu ya yaƙi Jamusawan a gabashin Afirka. A Yaƙin Duniya na Biyu ya je Habasha da Bama, kuma barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa. Jarumtarsa ɗaya ce ƙarƙashin tutocin biyu, kuma babu ɗaya daga cikin daulolin da ta nemi ra'ayinsa kan abin da ake yaƙi a kai. A yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, wanda 'ya'yan Katsina irin su Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka taka rawa a ciki, hafsoshi da dama na ɓangarorin biyu sun yi horo a makarantu ɗaya sun zauna a barikoki ɗaya kafin a raba gari. Wannan sanayya tana cikin abin da ya sauƙaƙa wa Janar Yakubu Gowon shelar cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

A falsafar zamani muhawarar ta tsaya tsakanin mutum biyu. Michael Walzer, a littafinsa na 1977 kan yaƙin adalci da na zalunci, ya ce sojojin ɓangarori biyu daidai suke a ɗabi'ance: laifin tayar da yaƙi na shugabanni ne, soja kuwa ana tuhumarsa ne kawai kan yadda ya yi yaƙin, wato ko ya taɓa farar hula, ko ya kashe wanda ya miƙa wuya. Dokokin Janiba na 1949 sun bi wannan hanya, shi ya sa fursunan yaƙi ke da haƙƙi ɗaya ko ƙasarsa ce ta fara tsokana. Jeff McMahan, a littafinsa na 2009, ya ƙi wannan. A ganinsa, wanda ya ɗauki makami don manufar zalunci yana kashe mutanen da ba su yi abin da ya halatta jininsu ba, domin kare kansu suke yi. Ana iya yi masa uzuri da jahilci ko tilas, amma uzuri daban, halacci daban. Mafi yawan wasannin da aka ambata a sama sun jingina ga ra'ayin Walzer, wasu ma sun wuce shi.

Fiƙihun Musulunci bai dace da ɗayansu ɗari bisa ɗari ba. Ta fuskar mu'amala ya yi kusa da na farko: rauni rauni ne, fursuna fursuna ne, gawa tana da alfarma. Bayan yaƙin Raƙumi a Basra, shekara ta 36 bayan hijira, Sayyidina Aliyu ya hana a bi wanda ya gudu, ya hana a ƙarasa mai rauni, ya kuma yi wa mamatan ɓangarorin biyu salla, kuma daga aikinsa ne malamai suka ciro mafi yawan hukunce-hukuncen yaƙi tsakanin Musulmi. Ta fuskar alhaki kuwa ya yi kusa da na biyu. Aya ta 9 a Suratul Hujurati ta kira ƙungiyoyi biyu masu faɗa da juna muminai, ta yi umarni da sulhu, amma ta ce idan ɗaya ta ƙetare iyaka a yaƙe ta har ta dawo. Ke nan akwai mai gaskiya da marar gaskiya ko a tsakanin 'yan'uwa. Haka nan cewa umarni aka bayar ba ta isa mafaka ba. Wani kwamanda a zamanin Annabi ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce wa mayaƙansa su shiga, suka ƙi, kuma da labari ya kai Madina aka tabbatar musu cewa biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Kotun Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 ta isa ga irin wannan matsaya lokacin da ta ƙi karɓar bin umarni a matsayin abin da ke wanke manyan jami'an Hitila.

A nan ne rauni ke bayyana a wasu wasannin. Tausayin soja abu ne mai kyau, amma yana da sauƙi ya zarce ya zama wanke manufar da ya yi wa aiki. A 2018 Battlefield V ya ƙara wani babi mai suna The Last Tiger, inda ɗan wasa ke zama kwamandan tankar Jamus a kwanakin ƙarshe na mulkin Hitila, mutum mai gajiya da shakka, yana ganin an rataye ɗaya daga cikin sojojinsa da sunan gudun yaƙi. Labarin yana taɓa zuciya, sai dai waɗanda wannan runduna ta ƙone wa garuruwa a Polan da Rasha ba su da murya a cikinsa. Idan mai tsara wasa ya zuba duk hasken a kan masu bindiga biyu, na ukun da ba shi da bindiga sai ya ɓace, alhali shi ne ya fi kowa ɗaukar kaya. Wasanni kaɗan ne suka gyara wannan. This War of Mine na 2014, wanda aka gina bisa ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996, ya sa ɗan wasa a matsayin farar hula mai neman abinci da magani cikin dare. Spec Ops: The Line na 2012 ya sa shi ya yi ruwan wuta a kan abin da ya zaci sansanin abokan gaba ne, sannan ya tilasta masa takawa cikin gawawwakin mata da yara.

Wannan bambanci yana da nauyi a Katsina ta yau, inda mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Faskari suka san abin da bindiga ke yi, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, kuma inda maganar sulhu da 'yan bindiga ke raba kan jama'a. Gaskiya ne cewa yaron da ke daji da bindiga yana jin yunwa da tsoro, wataƙila an kashe nasa, wataƙila tun yana ƙarami aka ja shi. Sanin haka yana da amfani ga mai neman hanyar da za a raba shi da makamin. Amma ba ya mayar da shi daidai da manomin da ya sace, ko da sojan da ɗan sandan da jami'in tsaron al'umma da suka fita kare ƙauye, domin wanda ya mayar da satar mutane sana'a farar hula ne abin farautarsa tun asali. Ƙa'idar kuma tana yanka ta ɗaya gefen. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, saboda haka ɗan sa-kai da ya kashe makiyayi a kasuwa don ƙabilarsa kawai ya ɗauki alhakin rai, kome girman abin da aka yi wa garinsu.

Wasa yana da iyakarsa. Wanda aka kashe a allo yana tashi bayan daƙiƙa kaɗan, ɗan wasa kuma yana ajiye waya ya tafi cin tuwo, abin da soja ba ya samu. Duk da haka masu aikin jinƙai sun ɗauki fagen da muhimmanci: a 2017 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta yi aiki da kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek wajen fitar da wani ƙari na wasan Arma 3 da ke koyar da dokokin yaƙi da illar nakiyoyin da ake bari a ƙasa. Yawancin wasannin da aka ambata an yi su ne don manya, wasunsu na ɗauke da abubuwan da tarbiyyar gidan Bahaushe ba ta yarda da su ba, kuma ya kamata iyaye su duba alamar shekaru da ke jikinsu. Sai dai hana wasa ba zai hana tambayar isa ga yara ba, domin suna jin ta a zancen sulhu da na ramuwar gayya kowace rana. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya aika Sham, wadda ta hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Katsina. Ya dace malaman Islamiyya da na zaure su riƙa tsayawa a kan wannan babi tare da matasa, su haɗa shi da hukuncin fursuna da iyakar biyayya ga shugaba, tun kafin wani ya miƙa wa ɗayansu bindigar gaske.